Darasin Wannan Wata: Masu Kutse da Rumbun Bayananmu

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata ya shafi duk mai wayar hannu da duk mai ajiya a banki. Daga Kutama zuwa Getso, daga Gwarzo zuwa Kabo da Garo, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da ɗaya daga cikin biyun ba. Muna roƙon malaman azuzuwa su karanta darasin tare da ɗalibansu a hankali. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa mutanen gidansa, musamman tsofaffi.

Abin da ka bari a hannun kamfani

Ka tuna ranar da ka yi rajistar layin wayarka. An tambaye ka sunanka da sunan mahaifinka. An tambaye ka ranar haihuwarka da garinku. An ɗauki hotonka, an ɗauki zanen yatsunka. Da ka je buɗe asusu a banki, haka aka sake yi maka, aka ba ka lambar BVN. A shekarar 2014 aka fara ba da wannan lamba, kuma alƙaluma 11 ne. Lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, ita ma alƙaluma 11 ce. Hukumar NIMC ce ke ba da ita.

A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa NIN ɗinsa da layinsa. A watan Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Sannan a farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardun naira suka yi wuyar samu. A lokacin ne manoma da 'yan kasuwa da yawa suka koyi karɓar kuɗin hatsi da na dabbobi ta waya, ko suna so ko ba sa so.

Duk waɗannan abubuwa da ka faɗa, su ake kira bayanai. Kamfanin waya da banki da hukuma suna ajiye su a cikin manyan kwamfutoci. Ka ɗauke su kamar wani ƙaton rumbu. Ka zuba naka a ciki, mutum miliyan da yawa sun zuba nasu. Amma rumbun yana can Legas ko Abuja ko ma wata ƙasa. Ba ka taɓa ganinsa ba, kuma mabuɗinsa ba ya hannunka.

Su wane ne masu kutse?

Kwamfutocin duniya suna magana da junansu ta hanyar intanet. Ta wannan hanya ce kuɗi ke tashi daga Kano ya sauka a wayarka cikin minti ɗaya. Ta ita ce kuma ɓarawo ke bi. Mai kutse mutum ne da ya san aikin kwamfuta, yake amfani da saninsa ya shiga rumbun da ba a ba shi izinin shiga ba. Yana iya zama a ɗakinsa a wata ƙasa mai nisa, ya shiga rumbun kamfanin da ke nan.

Wannan sata ta bambanta da wadda muka saba. Idan an saci dawa a rumbunka, da safe za ka ga rumbu ya yi ƙasa. Shi kuwa mai kutse kwafa yake yi, kamar ɗalibin da ya kwafi darasi daga allo. Rubutun yana nan a allo bai ragu ba, ga shi kuma yana cikin littafin ɗalibi. Saboda haka kamfani zai iya daɗewa bai san an shige shi ba. A shekarar 2013 aka shiga rumbun kamfanin Yahoo na Amurka. Sai a 2016 kamfanin ya sanar da duniya. Sai a 2017 kuma ya ce ashe satar ta shafi dukkan asusun da ke wurinsa, har biliyan 3.

Ga wani bambancin. Idan an sace maka mabuɗi, sai ka sayi sabon kwaɗo. To ranar haihuwarka fa? Zanen yatsunka fa? Waɗannan ba su da sabo. In sun fita, sun fita ke nan.

Ta ina suke shiga?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan kamfanoni suna kashe kuɗi mai yawa wajen tsaro, don haka ɓarawo ba ya tunkarar babbar ƙofa. Tsaga yake nema.

Wani lokaci tsagar sakaci ce. A 2017 an saci bayanan mutum kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara labarin basussukan jama'a. Tun kafin satar an sanar cewa akwai ɓaraka a irin manhajar da kamfanin ke aiki da ita, an kuma fitar da gyaranta. Kamfanin bai yi gyaran a kan lokaci ba.

Wani lokaci kuma ta wurin maƙwabci ake shiga. A ƙarshen 2013 an saci lambobin katin banki miliyan 40 daga manyan kantunan Target, su ma a Amurka. Ɓarayin sun fara da wani ƙaramin kamfani mai yi wa kantunan aikin na'urorin sanyaya wuri. Suka sace kalmar sirrinsa, suka bi ta nan suka kai ga rumbu. Kamar ka ƙarfafa ƙofar zaure ne, ka manta ka ba mai kawo maka ruwa mabuɗin ƙofar baya.

Amma tsagar da ta fi sauƙi ita ce bakin ɗan Adam. A watan Satumba 2023 masu kutse suka tsayar da ayyukan kamfanin MGM, mai manyan otal-otal a Amurka. An ba da labarin cewa da kiran waya suka fara. Ɗayansu ya kira ofishin da ke taimaka wa ma'aikata, ya yi kamar shi ma'aikaci ne da ya kasa shiga kwamfutarsa, aka buɗe masa. Kamfanin ya ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 100. Ka riƙe wannan labari da kyau. Dabarar da aka yi wa wannan babban kamfani ita ce dai ake yi wa mai sayar da gyaɗa a ƙauye.

Abin ya zo gida

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Afrilu 2021 aka baza lambobin waya da sunayen masu amfani da Facebook miliyan 533 a intanet, kyauta. Kimanin miliyan 9 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. A watan Afrilu 2025 uwar kamfanin MTN da ke Afirka ta Kudu ta sanar cewa wasu sun kai ga bayanan wasu masu hulɗa da ita a wasu ƙasashe. Ta ce ba a taɓa asusun kuɗin jama'a ba. A Gana kamfanin ya ce mai yiwuwa abin ya shafi mutum 5,700.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na NIN. A watan Maris 2024 'yan jarida masu bincike suka gano wani shafin intanet mai suna XpressVerify. Da naira 200 mutum zai iya fito da bayanan wani daga wannan shafi. A watan Yuni na shekarar wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta gano wani shafin, AnyVerify, inda farashin ya sauko zuwa naira 100. Don ta nuna girman matsalar, ƙungiyar ta biya ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. A kan shafin farko, hukumar kare bayanai ta ƙasa ta ce mai yiwuwa wani da aka ba izinin tantance NIN ne ya ara wa shafin ƙofarsa. Ko ta gaba aka shiga ko ta baya, ga talaka duk ɗaya ne. In bayanan minista sun sayu a naira 100, naka da nawa ba su fi ƙarfin kowa ba.

Akwai abin lura a nan. A watan Mayu 2022, kwanaki kaɗan bayan buɗe bankin waya na MoMo, aka fitar da fiye da naira biliyan 22 daga cikinsa ba bisa ƙa'ida ba, zuwa asusai a bankuna 18. Nan da nan kamfanin ya ɗauki lauyoyi ya tafi kotu don a dawo da kuɗin, ya kuma ce kuɗin masu ajiya ba su salwanta ba. Idan kuɗin kamfani ne suka fita, haka ake tashi tsaye. Idan kuwa bayananka ne suka fita, kamfani bai ga giɓi a aljihunsa ba. Kai ne abin zai biyo har gida, wataƙila bayan wata shida, wataƙila bayan shekara biyu.

Yadda abin ke biyo ka

Ɓarawon da ya fasa rumbu ba shi ne zai kira ka ba. Sayar da bayanan yake yi, sari ko ɗai-ɗai. 'Yan damfara su saya. Su ne za ka ji muryarsu.

Mu ce wani manomi a Kutama ya sayar da masararsa, kuɗi sun shiga asusunsa. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara. Mai kiran yana da ladabi, Hausarsa kuma tsaf.

“Salamu alaikum, Baba. Daga banki nake kira. Sunanka kaza, ko? An haife ka a shekara kaza. Lambar BVN ɗinka ta fara da kaza, ta ƙare da kaza.”

“Haka ne, yaro. Lafiya dai?”

“Lafiya lau, Baba, sai dai an samu matsala. Gwamnati ta ce a sabunta asusu. In ba a yi naka yau kafin la'asar ba, za a rufe shi da kuɗinka a ciki. Na tausaya maka ne, don kada ka sha wahalar zuwa Gwarzo. Yanzu za ka ga saƙo da lamba shida. Karanto mini ita kawai in gyara maka daga nan.”

Duk abin da mai kiran ya faɗa a farko gaskiya ne. Suna daidai, shekara daidai, lamba daidai. Shi ya sa Baba ya saki jiki. A zuciyarsa ya ce, wa zai san wannan in ba banki ba? A da can wannan tunani yana da hujja. Yau ba shi da ita, domin ka ga nawa ake sayar da irin waɗannan bayanai. Wanda ya san sunanka da BVN ɗinka yana iya zama ma'aikacin banki, yana iya zama yaron da ya kashe naira 100.

To me ya sa ya kira, tunda ya san duk wannan? Domin abin da ya saya bai ishe shi ba. Ka ɗauki asusunka kamar ƙofa mai kwaɗo biyu. Mabuɗin farko shi ne bayananka, kuma wataƙila ya riga ya samu. Mabuɗi na biyu shi ne lambar sirrinka ta kati ko ta waya, da kuma lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wadda ake kira OTP. Ita wannan lamba sau ɗaya take aiki, bayan 'yan mintoci ta mutu. Lokacin da yake magana da Baba, ɗan damfara yana zaune gaban na'urarsa, ya riga ya nemi a fitar da kuɗin. Banki ya turo lambar ne don ya tabbatar mai asusu ne ke nema. Da zarar Baba ya karanto ta, ya sa hannu ke nan. Baki shi ke yanka wuya.

Ka lura da gaggawar da ya sa. Kullum haka suke: yau-yau, yanzu-yanzu, kafin la'asar. Ba sa son ka samu lokacin shawara da kowa. Wasu kuma da albishir suke zuwa. Su ce sunanka ya fito a tallafin taki, ko bashin noma, ko kyautar kamfani. Ƙarshen maganar dai guda ne, a karanto lamba.

Banki ba ya tambayar lambar sirri ko OTP ta waya. Manaja ma ba shi da ikon tambayarka. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar. Ba rashin kunya ba ne. In hankalinka bai kwanta ba, hau mota ka je reshen bankin da ƙafarka. Kuɗin mota ya fi asarar kuɗin amfanin gona sauƙi.

Layinka ma mabuɗi ne

Tunda lambar OTP ta layin waya take zuwa, ɓarayi suna farautar layin kansa. Wanda ya sace maka waya a kasuwa sau da yawa ɗan katin sim ɗin da ke ciki ya fi damunsa. In ya danna *565*0# a layin da ka yi rajistar banki da shi, lambar BVN ɗinka za ta fito masa. Daga nan ya fara laluben hanyar asusunka. Wasu kuma suna zuwa da bayanan da suka saya, su ce su ne kai, layinsu ya ɓata, a yi musu sabo. In sun dace, layinka ya mutu a hannunka, ya tashi a nasu.

Don haka idan wayarka ta ɓata, ko layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, kada ka ce sai gobe. A ranar ka sanar da banki a tsayar da asusun, ka sanar da kamfanin waya. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya don rufe asusu cikin gaggawa. Ka tambayi bankinka tasu tun yanzu, ka rubuta a littafinka na gida. Haka kuma ana iya sa wa katin sim lambar sirri, yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Ka nemi ma'aikacin kamfanin waya ya nuna maka, domin in ka danna kuskure sau uku sim ɗin zai kulle.

Wani abu da muke gani a garuruwanmu yana ba mu tsoro. Dattijo ya aiki yaro wurin mai POS da kati, ya faɗa masa lambar sirri a bainar jama'a. Wani ya rubuta lambar a bayan katin. Wani ya miƙa wa baƙo waya a tasha ya ce karanta mini saƙon nan. Wani kuma shekarar haihuwarsa ce lambar sirrinsa, alhali shekarar tana cikin bayanan da ake sayarwa. Ɗalibin da ya kai ga karanta wannan jarida ya wuce haka. Ka karanta saƙonka da kanka, ka danna lambarka da kanka, ka kare da tafin hannu. In kana da hali, ka raba ajiyarka: asusu ɗaya na cefane da kati, ɗaya na ajiya wanda ba ya yawo a aljihu. Gida biyu maganin gobara.

Masu sayar da nasu da kansu

A watan Yuli 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 da ke yawo a ƙasar nan suna sayen NIN da BVN daga hannun jama'a. Suna ba mutum naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kimanin naira 5,000. Da bayanan ake buɗe asusu da sunanka, a riƙa zuba kuɗin damfara a ciki. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun kuɗin, sunan wa za su gani? Hoton wa? Naira 2,000 ba ta kai a kwana a ofishin 'yan sanda saboda ita ba. In wasu sun zo gari da takarda suna rubuta NIN da BVN da sunan tallafi, a fara tambayar mai unguwa ko dagaci ko ya san da zuwansu, kuma daga wane ofishi suke.

Nauyin da ke kan kamfani

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukkan laifi. Wanda ya karɓi amana shi ke da nauyin tsaronta. Akwai mutanen da aka kwashe wa kuɗi ba su faɗa wa kowa lamba ba.

A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, aka kafa hukumar NDPC don ta kula da ita. Dokar ta ce idan an fasa rumbun kamfani ta yadda jama'a za su iya cutuwa, dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. In haɗarin babba ne, dole ya sanar da masu bayanan su ma. Kana da ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, da ikon neman a gyara kuskure. A watan Agusta 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, bisa zargin amfani da bayanan mutane ba da cikakken izininsu ba. Bankin ya musanta zargin. Dokar tana da kyau a takarda. A ganinmu gwajinta shi ne ranar da mutumin ƙauye zai kai kuka a saurare shi ba tare da ya san wani babba ba.

Idan abin ya riga ya faru, kada kunya ta hana ka magana. Yawancin waɗanda aka cuta shiru suke yi don gudun dariya, ɗan damfara kuwa ya wuce gida na gaba. Ka je banki da wuri, domin wani lokaci ana iya tsayar da kuɗin kafin a kwashe su daga asusun da aka tura. Ka rubuta kokenka a takarda, ka karɓi lambar shaidar cewa sun karɓa. Kada ka goge saƙonnin da suka shigo, kada ka goge lambar da ta kira ka. Ka sanar da 'yan sanda. In mako biyu ya wuce banki bai warware maka ba, kana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Babban Bankin yana da reshe a Kano.

Aikin aji

Malami ya zaɓi ɗalibai biyu. Ɗaya ya zama mai kira, ɗaya ya zama mai asusu. Mai kira ya yi duk dabarar da zai iya don a karanto masa lamba. Sauran ɗalibai su lura da inda ya sa gaggawa da inda ya sa kwaɗayi. Bayan haka kowa ya amsa waɗannan a littafinsa:

1. Me ya bambanta satar bayanai da satar hatsi?
2. Me ya sa ɗan damfara ke kiran mutum alhali ya riga ya san BVN ɗinsa?
3. Rubuta wurare biyu da za ka fara sanarwa ranar da wayarka ta ɓata.